Faya-fayan waƙoƙin katun na Japan a wani shagon gwanjo a Bauchi, ya cancanci a je ko a'a?

Shagon nan da ke layin masu kayan lantarki na gwanjo ta wajen kasuwar Wunti, in maki zan ba shi to bakwai cikin goma ne, kuma ukun da na cire ba wai don babu kaya ba ne, kaya kam akwai, matsalar yadda ake ajiye su ne da kuma cewa daga mai shagon har yaransa babu wanda ya san ainihin me suke sayarwa. Asalin sana'ar dattijon gyaran rediyo ce da amfilifaya da sifika, tun zamanin da ake kawo masa garmaho da rikoda yake kan wannan bencin. Faya-fayan tsintuwa ce kawai, cikin kayan Japan da yake sarowa daga Legas suke zuwa a kwali, wani lokacin ma cusa su ake yi tsakanin sifikoki don kada su riƙa gogar juna a hanya. Yawancinsu waƙoƙin tsofaffin Japanawa ne da kiɗan turawa da aka buga a can, amma in ka yi haƙurin tonawa za ka ci karo da masu bango ɗauke da hoton katun, manyan robot, jiragen sama jannati, 'yan mata masu dara-daran idanu. A kan waɗannan nake magana.

Mafi tsufa a cikin tarin wasu sirara ne jajaye, roba ce mai laushi da za ka iya lanƙwasawa da yatsu biyu, an maƙala su a cikin ɗan littafi mai hotuna. Baba ya ɗauka takardar talla ce, har cewa ya yi in na sayi manyan zai ƙara min su gyara. Sonoshito ake ce musu kuma kusan daga kansu harkar ta fara. Ranar 1 ga Janairun 1963 tashar Fuji ta fara nuna Tetsuwan Atom na Osamu Tezuka, shirin da aka fi sani da Astro Boy a waje, katun mai rabin awa duk mako. Waƙar buɗe shirin ba ƙaramin mutum ya rubuta ta ba, Shuntaro Tanikawa ne, babban marubucin waƙoƙi da ya rasu a 2024, Tatsuo Takai ya yi kiɗan, ƙungiyar yara ta rera. To a lokacin babu bidiyo a gida, Betamax sai 1975, VHS sai 1976, ko da suka fito ma kuɗinsu ba na kowa ba ne, don haka in shiri ya wuce ya wuce kenan sai wani makon. Kamfanin Asahi Sonorama ya shiga wannan gurbin, yana buga waƙar haɗe da ɗan guntun labari da muryoyin 'yan wasan, a sayar a shagon littattafai da arha, yaro yana ji yana buɗe shafi.

Wanda muka gwada na Sally ne, yarinyar nan mai tsafi ta 1966. Da aka ɗora shi sai ya ƙi juyawa daidai, allura ta riƙe shi faranti na gudu a ƙarƙashi, Baba bai ce komai ba ya ja durowa ya ɗauko tsohuwar kwandala ya ɗora a kusa da tsakiya, nan take ya kama. Sautin siriri ne, babu nauyi ko kaɗan, kuma duk inda robar ta taɓa karyewa sai allura ta yi tsalle. Gaskiya wannan na ajiya ne da kallon hotuna, ba na saurare ba. In an ba ka gyara karɓi, amma kada ka zuba kuɗi a kai.

Inda kuɗinka zai yi amfani shi ne manyan faya-fayan haɗaka na kamfanin Nippon Columbia na shekarun 1970, masu inci 12 da ke juyi 33 da ɗoriya a minti. Su suka riƙe harkar a wancan zamanin, kusan duk wani babban katun na kamfanin Toei ko Tatsunoko waƙarsa ta hannunsu take fita, da farko a ƙaramin faifai mai juyi 45, waƙar buɗewa a fuska ɗaya ta rufewa a ɗaya fuskar, daga baya su tattara na shekara ɗaya ko biyu su cika babban faifai don iyayen da ba za su iya sayen ɗai-ɗai ba. Wanda na ɗauka yana da Mazinger Z da Gatchaman na 1972, da Yamato na 1974, da Grendizer na 1975, da Candy Candy na 1976 da wasu da ban taɓa kallo ba. Bangon mai buɗewa ne gida biyu, a ciki an buga baitocin da hotuna, a wani lungu wani yaro ya rubuta sunansa da fensir mai launi, yanzu in yana raye ya haura hamsin.

Wallahi abin da ya fara dukana shi ne ƙahonni. Mu da muka saba jin waɗannan waƙoƙin a waya, a matse, ba mu san cewa mutane ne cike da ɗaki suke busa da kaɗawa ba. A Mazinger Z na Chumei Watanabe ƙahonnin suna shigowa ne gaba ɗaya, ganga na bin su a guje, sai muryar Ichiro Mizuki ta faɗo a kai, murya ce mai kauri da ba ta rawa, yana jan ƙarshen sunan robot ɗin har sai ka ji numfashinsa. Baba da ke riƙe da ƙarfen solda sai da ya ɗago ya ce, "Kai ɗana, wannan ai wasa wani yake yi." Kuma ya canka, bai san kalma ɗaya ta Japananci ba amma ya gane. Waƙoƙin wannan zamanin kirari ne zalla, yadda Ɗan Anace yake wasa Shago haka suke yi, a kira sunan gwani, a lissafa makamansa ɗaya bayan ɗaya, a faɗi abokin gabar da zai kayar, 'yan amshi su karɓa. 'Yan amshin ma na gida ne, yaran Columbia Yurikago-kai da mazan Koorogi '73, za ka ga sunayensu suna ta maimaituwa a bayan bango. Ba za ka ji waƙar ka rasa sanin na wane shiri ba ce, an yi ta ne don yaro ɗan shekara shida ya haddace sunan, ya fita tsakar gida yana ihu, ya kuma matsa wa uwarsa ta saya masa abin wasan.

Mawaƙan da kansu 'yan ƙalilan ne suke ta zagayawa, shi ya sa faifan haɗakar yake tafiya sumul ba ka jin an yi kwashe-kwashe. Mizuki, wanda masoyansa ke kira Aniki, ya rasu a Disamban 2022. Isao Sasaki shi ne na Yamato da Grendizer, kafin nan mawaƙin rokabili ne har ana kwatanta shi da Elvis, muryarsa ta fi ta Mizuki zurfi da natsuwa, ni dai shi ne gwanina. Mitsuko Horie ta Candy Candy tun 1969 ta fara tana 'yar shekara 12. Akwai Kumiko Osugi da ta yi ta Doraemon a 1979. Sai Masato Shimon na Gatchaman, wanda labarinsa ke ba ni haushi duk sanda na tuna, a 1975 ya rera wata waƙar yara a kan wainar taiyaki da ta sayar da kwafi sama da miliyan 4.5, har yau tana kan gaba a tarihin ƙananan faya-fayai a Japan, amma shi yen dubu 50 aka sallame shi da ita tun farko. Haka aka ɗauki masu waƙar yara a lokacin, 'yan aikin ƙwadago. Masu tsara kiɗan ma haka, Shunsuke Kikuchi, Takeo Watanabe, Asei Kobayashi, mutane ne da ke yi wa fina-finai da wasan kwaikwayon manya kiɗa, ba su rage hannu don na yara ne ba.

Wani abin da faifan ya fi talabijin da shi, waƙar cikakkiya ce. A allo minti ɗaya ko ɗaya da rabi ake sawa, a nan akwai baiti na biyu da na uku da kiɗan tsakiya da ba ka taɓa ji ba.

Yamato ce ta canza lissafin. Da aka fara nuna ta a Oktoban 1974 ba ta samu 'yan kallo ba har aka datse ta a kashi 26, amma da aka maimaita ta sannan fim ɗin ya fito a 1977 sai samari da 'yan mata 'yan sakandare da jami'a suka cika silima, kamfanoni suka farga ashe akwai masu kuɗi a aljihu da ke son abin. A ƙarshen shekarar Columbia ta fitar da Symphonic Suite Yamato, Hiroshi Miyagawa ya sake tsara kiɗan da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, bangon ma ba irin na yara ba ne. Akwai kwafi ɗaya a shagon, shi ne mafi tsafta a duk abin da na taɓa, kuma a nan ne za ka yarda da masu cewa bugun Japan ya fi shiru, tsakanin waƙa da waƙa kusan ba ka jin ƙarar komai. Daga nan sai ga Yuji Ohno da kiɗan jaz na Lupin na Uku a 1977, ga Godiego da waƙar fim ɗin Galaxy Express 999 a 1979, ga Gundam da King Records suka buga a wannan shekarar.

Na shekarun 1980 kuwa sai a hankali, kuma ba laifin shagon ba ne. Tun da Anri ta yi Cat's Eye a 1983 ta hau lamba ɗaya a jadawalin Oricon na cinikin waƙoƙi a Japan sai aka koma ɗauko mawaƙan da suka riga suka yi suna, Yoshimi Iwasaki a Touch a 1985, TM Network da Get Wild a City Hunter a 1987 wadda ake sakin kiɗanta tun kafin hoton ƙarshe ya ɗauke. Waƙoƙi ne masu daɗi ban musa ba, amma kirarin ya fara ja baya, soyayya da daren birni suka maye gurbi, wata ma ko sunan jarumin ba za ka ji ba. Abin da ya shafi mai saye shi ne kowane mawaƙi da kamfaninsa, wannan na Victor wancan na Epic Sony wata ta For Life, to wa zai tara maka su a faifai ɗaya? Ga kuma CD da ya shigo a 1982, kafin ƙarshen shekarun ya ture faifai gefe. Don haka in ka ga babban faifai ko kaset ya jera maka duk manyan waƙoƙin 80 da wani abu a wuri ɗaya, to ka yi taka-tsantsan.

Nan ne maganar jabu ta shigo. Su Japanawa pachison suke ce musu, ƙananan kamfanoni ne ke samo wasu mawaƙa marasa suna su kwaikwayi waƙar, a buga da arha, a sayar wa kakanni da iyayen da ba su san bambanci ba. Shagon yana da su da dama kuma farashi ɗaya Baba yake sa musu da na gaske, ba da mugunta ba, shi duk hoton robot robot ne. Mun ɗora ɗaya da ke da Yamato a jeri, maimakon ƙahonni sai ga ɗan ogan yana kuka, mawaƙin kuma yana ta ƙoƙarin danne murya ya kamo Sasaki har ya ba ka tausayi, yaran shago suka fashe da dariya. Gane su ba wuya. Duba hoton bango, sau da yawa ba su da izinin sa hoton ainihi, sai ka ga wani robot da ya yi kama amma ƙahonsa ya karkace, ko hoton yara na wasa a fili, ko mota kawai. Duba bayan bango ko akwai sunan mawaƙi a gaban kowace waƙa, in babu ko kuma sunan wata ƙungiya ɗaya ce ta rera duka, ajiye. Kyamarar wayarka za ta karanta maka rubutun in ka buɗe Google, lambar da ke gefen bango kuma ka saka ta a Discogs, shafin intanet na bayanan faya-fayai, ka gani. Akwai masu tara jabun da gangan don nishaɗi, wannan ra'ayi ne, amma a saya da sani.

Abin da ya fi tara mutane ranar da nake wurin wani ɗan ƙaramin faifai ne mai hoton zakuna biyar. Wani bawan Allah da ya kawo gyaran sitabilaiza ya hango ya ce "La ila, Voltron!" ya manta da abin da ya kawo shi. Duk wanda ya tashi da NTA a shekarun 80 da 90 ya san shi, sai dai abin da muka kalla na Amurka ne na 1984, sun ɗauko GoLion na Toei na 1981 sun yanke sun canza kiɗan gaba ɗaya. Asalin waƙar Mizuki ne ya rera, Kobayashi ya yi kiɗan. Da aka sa sai mutumin ya tsaya sororo, ya ce "Malam anya ba a yi musanyen faifai ba?" Haka ma 'yan bayanmu da suka tashi da dish suna kallon Spacetoon da Captain Majid, ko waɗanda suka san Grendizer da muryar Sammy Clark ɗan Lebanon, duk waƙar wasu muka haddace a kan hoton Japan. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa a saurara, ko ba za ka saya ba.

Kuma Baba yana barin a saurara, wannan babban abin yabo ne. Ba ya gaggawa, ba ya haɗe rai in ka sa an ɗora biyar ka ɗauki ɗaya, in an ɗauke wuta zai ce a tada ƙaramin janareta in dai ya ga da gaske kake.

Amma ajiyar fa, innalillahi. A kwance suke, an jibga su kan juna kusan tsayin gwiwa, kwali ɗaya kuma a bakin ƙofa yake inda ranar yamma ke dukansa. Wanda ya san zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu ya san abin da zai biyo baya, na ƙasan sun fara lanƙwashewa, in ka ɗora sai ka ga hannun allura na hawa da sauka. Ƙurar hunturu kuma ta shiga ko'ina, yaron shago da ƙyallen goge sifika yake share su, a zagaye a tsaye duk yadda hannu ya kai, ina gani ya ja sabon layi a kan wani. Na ce "Baba don Allah a riƙa jingina su a tsaye, a matsar da na bakin ƙofar ciki," ya ce to, za a yi, irin to ɗin nan. Takardar nan siririya da ke naɗe a gefen hagu na bango, obi, wadda ke ɗauke da farashi da jerin waƙoƙi, yara suna cirewa su yar wai datti ce, alhali a wajen masu tara faifai ita ke ƙara masa daraja. Allurar da ake gwaji da ita ma ta ci duniya, ban so a maimaita faifan da na riga na zaɓa a kanta ba.

Farashi babu tsayayye, fuska ake kallo. In ka nuna zumuɗi ya hau, in ka haɗa da yawa ka yi ciniki a dunƙule ya sauko sosai, kuma ko a yadda ya hau ɗin bai kai rabin abin da za ka kashe ba in ka ce daga waje za ka yi oda, kuɗin jirgi kaɗai ya ishe ka. Babu mayarwa in ka fita, don haka fito da faifan daga riga, karkata shi a hasken ƙofa, layin da farcenka ya ji shi allura ma za ta ji, sannan ka ɗaga shi daidai ido ka ga ko a miƙe yake. Leƙa takardar tsakiya ma, na tarar da bangon katun da faifan wata tsohuwa mai waƙar enka, irin ta tsofaffin Japanawa, a ciki.

Injin juyawa ma yana sayarwa, kuma a nan ya fi ƙwarewa nesa ba kusa ba. Kayan cikin gidan Japan wutar volt 100 suke sha, tamu 230 ce, ka soka kai tsaye ka ji ƙauri, dole sai da ƙaramar taransifoma mai rage wuta, kuma shi da kansa zai tuna maka tun kafin ka tambaya. Abin da ba kowa ya sani ba, Japan kashi biyu ce a saurin bugun wuta, ɓangaren Tokiyo Hz 50 ne irin namu, ɓangaren Osaka 60, wasu tsofaffin injina masu bel da aka saita wa 60 in sun zo nan sai su riƙa jan ƙafa, murya ta yi ƙasa, waƙa ta yi nauyi. Baba yana gane wannan da kunne, yana da ɗan faranti mai ɗigo-ɗigo da yake ɗorawa ya haska ƙwan lantarki ya duba gudu. In kana da hali nemi mai juyawa kai tsaye ba bel, irin Technics, waɗannan ba ruwansu da wannan matsalar. Ka tabbatar kuma amfilifayarka tana da mashigar fono, in babu sautin zai fito can ƙasa-ƙasa ka zaci faifan ne ya lalace. Ƙananan nan sababbi masu siffar akwati da ake tallatawa a intanet ban ba ka shawara ba, hannunsu nauyi gare shi, suna cin faifai.

Safiya ta fi, kafin masu gyara su cika benci, ranar Juma'a kuma da wuri yake rufewa sai bayan la'asar. Ka tafi da burushi mai laushi da ledoji masu faɗi, kuma in a kan babur kake kada ka ɗaure su a baya cikin rana, rungume su za ka yi har gida.